Mas'alar Ƙarin RAM Ga Kwamfutar Cinya: Yawa Ko Sauri?

 Ga wata mas'ala wadda ta yawaita a bakin iyayen yara, tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta. Mutum ya sayar da albasa ko tafarnuwa, ya saya wa ɗansa kwamfutar cinya ta hannu, irin waɗanda ake kawowa Sakkwato daga Ikko da Kano, ba a jima ba ta kama nawa. Kadan ya kai ta ga mai gyara, sai a ce a ƙara mata RAM, kana a nuna masa falle biyu, ɗaya ya fi ɗaya sauri, ya kuma fi shi tsada. Shin mai saurin zai shiga? In ya shiga, kwamfutar za ta ƙara gudu?

Kafin jawabi, wajibi ne a san abin da ake kira RAM. Misalinta misalin allo ne. Rumbun ajiya na kwamfuta kamar gafaka yake, abin da ke ciki ba ya gogewa. Amma aikin da ake yi yanzu, bisa allo ake yinsa, da an kashe wuta an wanke. In allo ƙarami ne, almajiri ya rubuta kaɗan, ya wanke, ya koma ga gafaka, haka zai yini yana kai da kawowa. Wannan ita ce nawar kwamfuta mai giga 4 sa'ad da aka buɗe mata ayyuka da yawa. Maganinta faɗin allo, watau giga 8 ko 16.

To, jawabin mas'ala shi ne, falle mai sauri galibi yana shiga, muddin danginsu ɗaya da kwamfutar, amma ba zai yi gudunsa ba. Dalili kuwa, a jikin kowane falle akwai ɗan ƙwayar da aka rubuta saurin da yake iyawa, daga babba har ƙarami. Da an kunna kwamfuta sai ta karanta, ta zaɓi wanda ita take iya ɗauka. Wadda iyakarta 2400, ko an sa mata mai 3200, a 2400 zai tafi. Haka nan in an gama biyu, tsoho mai 2400 da sabo mai 3200, duka biyu za su tafi da tafiyar tsohon. Manomin fadamar Rima ya san wannan, gama in an ɗaura wa shanu biyu garma ɗaya, mai ƙarfin ba ya wuce ragon. Saboda haka wanda ya biya kuɗi domin lambar sauri, ya biya kuɗin abin da ba zai gani ba. Amma in farashinsu ɗaya, ko kuwa mai saurin ne kaɗai ke kasuwa, babu laifi a saye shi.

Abin da ya cancanci bincike sharuɗɗa ne huɗu.

Na farko dangi. DDR3 ta fito a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuwa an tsai da ƙa'idarta a 2020. Fallen kwamfutar cinya na DDR3 haƙoransa 204, na DDR4 260, na DDR5 262, kuma giɓin da ke tsakanin haƙoran ba wuri ɗaya yake ba. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, wanda ya tura da ƙarfi ya karya gurbin, ya jawo wa kansa babbar hasara. Dangin yana rubuce a takardar da ke manne da fallen: PC3 ita ce DDR3, PC4 ita ce DDR4.

Na biyu wuta. DDR3 iri biyu ce, mai shan bolt 1.5, da mai shan 1.35 wadda ake rubuta mata PC3L. Kwamfutocin cinya masu Intel zubi na huɗu, na shekarar 2013, ta biyun suke so. A nan ne mutane da yawa kan fāɗi, domin fallen ya shiga daidai, amma a kunna, fuska ta tsaya baƙi ƙirin.

Na uku iyaka. Kowace kwamfuta tana da adadin gigar da ba ta wucewa, kamfanin da ya ƙera ta, ko HP ko Dell ko Lenovo, ya bayyana shi a littafinta. Kuma Windows mai lamba 32 ba ta amfani da abin da ya haura giga 4, ko nawa aka sa.

Na huɗu gurbi. Da yawa daga cikin sirāran kwamfutoci an like musu RAM da dalma, babu wurin ƙari. MacBook masu M1 na shekarar 2020 duka haka suke. Irin waɗannan, a ranar saye ake yanke shawara.

Sauran magana ga 'yan kasuwa. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya hau ƙwarai a duniya, domin manyan masu ƙera ta uku, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, sun karkata ga biyan bukatar manyan ɗakunan kwamfuta. Falle ya zama kaya mai daraja, kuskure a cikinsa ya yi tsada. Mutumin da ya taso daga Goronyo ko Achida ya biya kuɗin mota zuwa birni, bai kamata a sallame shi da falle a aljihu ba, ya je gida ya tarar bai yi ba. Adalci shi ne ya zo da kwamfutar, a sa a gabansa, a kunna, a buɗe masa Task Manager, ya ga gigar da ta karanta da saurin da take tafiya a kai. A kuma yi sharaɗin mayarwa in ta riƙa mutuwa bayan kwana biyu. In kuwa mai gyara ya ga ciwon daga tsohon rumbun ajiya mai juyawa ne, ya faɗi gaskiya a sa SSD, kada ya sayar da maganin da ba na cutar ba. Wanda ya yi haka ya rasa ribar yini ɗaya, amma ya sami ciniki na ƙauye guda, gama labari ba ya kwana a ranar kasuwa.

Mai saye kuma ya tambayi dangi, ya tambayi yawa, ya bar lambar sauri ta zo ƙarshe. Mutanen da suka ce matambayi ba ya ɓata, su ne kuma suka ce sauri ya haifi nawa.