Kada harafi ɗaya ya kayar da ɗan talaka

'Yan'uwa, lokacin jarrabawa ya kusa, daga BEPC har kwankur na shiga aikin gwamnati. Ko'ina akwai wurin da ake zubar da maki ba a sani ba: dikte da tambayoyin gyaran jimla. Yaro ya san tarihi, ya iya lissafi, amma harafi ɗaya da ya manta a ƙarshen kalma ya ja shi ƙasa.

Faransanci yana da tarko, domin kunne ba ya jin duk abin da hannu zai rubuta. "Parler" da "parlé" sautinsu ɗaya. Haka "a" da "à", haka "ces" da "ses". A "les livres que j'ai lus", wannan "s" na ƙarshe babu mai furta shi, amma mai gyaran takarda yana jiran sa da jan biki.

Kowane tarko kuma yana da mabuɗi. In kana shakka tsakanin "-er" da "-é", sa "vendre" ko "vendu" a wurin, kunnenka zai raba gardama. In "avait" ya zauna daidai, to "a" ne marar alama. Dabaru ne na minti biyar. Ɗan mai hali yana samun su wajen malamin da ake biya ya zo gida da marece. Ɗan talaka a Tasawa ko Madawa, cikin aji cunkushe, sai dai a maido mashi da takarda da sifili, ba bayani.

Ga abin da ya fi ciwo: yaranmu sun riga sun san tushen ƙa'idar. Wanda ke cewa "farin doki, farar riga, fararen kaya" ya san sifa tana bin jinsi da adadi. Wanda ya ga bambancin "Ku ci, yara" da "Ku ci yara" ba zai sake raina waƙafi ba. Tun 1973 aka fara gwajin karantarwa da harshen gida a Damagaram, kuma a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Me zai hana mushe ya yi bayanin nahawu da Hausa, sannan ya ɗora Faransancin a kai?

Kiranmu biyu ne. Malamai, kada a tsaya ga ja wa kuskure layi. A rubuta jimlar a allo, aji ya gyara tare, kowa ya faɗi dalili. Mu kuma da muka gama jami'a, kowace fada ta ware awa guda a mako: jimla goma masu kuskure, ƙannen unguwa su farauto su. Shayin ba zai huce ba kafin a gama.

Wa zai fara a unguwarku? Ku faɗa mana.