Hoton gwanda a jikin kwalba ba magani ba ne

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan shafe-shafe a babbar kasuwar Yamai ko ta Maradi ya ga ƴan kwalaben nan da ake kira serum, masu hoton gwanda, lemun tsami ko rumman. Wai ruwan ƴaƴan itace ne zalla, mai kashe ƙwayar cutar da ke kawo ƙurajen fuska.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Ƙurajen balaga na fitowa ne in maiƙo ya toshe ƙofofin fata, ƙwayar cuta ta samu wurin zama. Masu bincike sun ga ruwan ɓawon rumman na hana ƙwayar yaɗuwa a ɗakin gwaji. Amma ɗakin gwaji dabam, fuskar ɗiyarki dabam.

Hajiya, ke da ke saro kaya daga Kano ko Kwatano, da ke nake. In mai saye ta dawo bayan kwana ukku tana murna ƙuraje sun kwanta, fuska ta yi haske, kada ki yi murna tare da ita. Gwanda ba ta wannan aiki cikin kwana ukku. Sau da yawa kortizon ne aka zuba a ɓoye, irin su clobetasol ko betamethasone. Da farko yana kwantar da kumburi, daga baya fata ta yi laushi kamar leda, ƙurajen su dawo ninki biyu. Ranar nan rumfarki za a nuna, ba kamfanin da babu ko adireshinsa a kwali ba. Ba banza ba Kwaddibuwa ta hana mayukan canza launin fata masu kortizon da hydroquinone a 2015.

Ko na gaskiyar ma ba ya son zafi. Serum mai bitamin C da ya wuni kan tebur a ranar watan Afrilu, ya rine ya koma ruwan ƙasa, ya lalace. Masu matsa lemun tsami a fuska su fita rana kuwa, baƙin tabo suke jawo wa kansu.

Ki sa yaro mai karatu ya duba miki kwali kafin ki biya: sunan kamfani, abin da ke ciki, ranar lalacewa. Wadda ƙurajenta ke ɗurar ruwa ko barin tabo, ki tura ta wurin likitan fata. Maganin farmasi irin benzoyl peroxide ma sai ya yi sati 6 zuwa 8 kafin a ga aikinsa.