Hausarmu Ta Zongo Ma Tana Rubutuwa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa a Nima ko Mamobi ko Aboabo ya san ba mu da ƙarancin masu iya magana. Akwai tsofaffin da za su ba ka labarin fataucin goro daga Salaga kamar jiya aka yi. Akwai iyaye mata da ke riƙe da tarihin gidaje da aure da rasuwa a ka. Amma ka ce wa matashi mai karatu ya rubuta shafi ɗaya da Hausa, sai ya ce maka, "Ai Malam, Hausarmu ba ta kai ta Kano ba." A ganina wannan kunya ce babbar abin da ke hana 'yan Zongo fara rubutu, kuma lokaci ya yi da za mu ajiye ta.

Kunyar tana da dalili. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta amince a koyar a makarantu. Yaronmu zai koyi rubuta Twi ko Ga ko Dagbani a aji, amma har ya gama makaranta ba wanda zai nuna masa bambancin k da ƙ, ko d da ɗ. Ga shi Hausarmu ta nan ba ta cika rarrabe namiji da mace ba kamar yadda ake yi a Kano da Sakkwato, sannan ta ɗauko kalmomi daga Twi da Turanci. To mutum ya riƙa jin BBC da DW, ya dubi tasa, sai gwiwarsa ta yi sanyi tun bai ɗauki biro ba.

Amma mu tuna, a ƙasar nan Alhaji Umaru Krachi ya yi yawancin rubuce-rubucensa. Haifaffen Kano ne, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da Hausar ajami a kan abin da ya gani da idonsa: zuwan Turawa, talauci da wadata, rayuwar mutanen zamaninsa. Yau masu bincike na zuwa Legon suna neman irin waɗannan takardu. Shi ma Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina, yana da shekara 22, lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. A lokacin ƙa'idojin rubutun boko ma ba su gama daidaituwa ba, bai jira su ba.

Wani zai ce, idan kowa ya rubuta yadda ya ga dama ai harshen zai lalace. Gaskiya ne ƙa'ida tana da amfani, don ita ke sa ɗan Kumasi da ɗan Damagaram su karanta juna ba wahala. Sai dai gyara yana zuwa ne bayan an rubuta. Ba a gyara farar takarda. Ƙugiyoyin ɓ, ɗ, ƙ abu ne da mai himma zai koya cikin 'yan makonni, kuma Gboard da ke wayoyinmu yana da allon rubutu na Hausa.

Ga mai son farawa, shawarata ita ce ya bar tunanin littafi tukuna. Ya je wurin tsoho ɗaya a gidansu, ya nemi izini ya ɗauki muryarsa a waya na minti goma: daga ina kakanninmu suka zo, wa ya gina masallacin unguwar nan, me ake sayarwa a da. Sannan ya zauna ya rubuta abin da ya ji, yadda aka faɗe shi. Ya ware lokaci guda, ko da kwata ɗaya ne bayan sallar Asuba. In ya gama ya karanta wa aboki da ƙarfi, duk inda abokin ya ce "ban gane ba", nan ne wurin gyara.

Mu malamai kuma, na boko da na makarantar allo da Islamiyya, mu daina yi wa yaro dariya don ya rubuta Hausar gidansu. Mu karɓa, mu yaba, sannan mu nuna masa inda ƙugiya take.

Jama'a, galibi ba a tunawa da Zongo a jaridu sai lokacin zaɓe ko an yi rikici. Dattawan da suka san sauran labarin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, Allah Ya jiƙansu. Abin da ba mu rubuta ba tun suna raye, ba mu da wanda za mu tambaya gobe.