Dogon Bene Ba Ya Gano Maganin Cutar Citta

Na san mun fi sabawa da zancen wa zai tsaya takara, wa ya sauya sheƙa. Yau dai ku yi mini haƙuri, maganar kuɗin bincike nake so mu yi. Kada wani ya ce ai wannan ta farfesoshi ce, ya wuce. Wallahi ta shafi tukunyar gidanka.

A majalisarmu ta mai shayi nan Kakau, bakin titin Abuja, akwai wani bawan Allah da ya daɗe yana sarin citta. A daminar 2023, da cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, kuɗin da ya ba manoma tun lokacin shuka suka bi shanun sarki. Ranar da ya dawo daga ƙauyukan ya ce mini: "Malam, duk makarantun nan da ke jihar nan, babu mai gaya mana maganin wannan abu?" Har yau tambayar tana raina. Ba wannan ne karon farko ba. A 2016 tsutsar tumatir ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Duk sanda irin haka ta faru, sai mu zura ido muna jiran wani daga nesa ya zo ya duba mana. Kudancin Kaduna ne gidan citta a Najeriya, amma cibiyar da aka ɗora wa binciken citta hedkwatarta tana Umudike, a jihar Abiya.

Giɓin nan yana da tarihi. An buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948. Jami'ar Ahmadu Bello sai 1962, kuma cikin jami'o'i biyar da ƙasar nan ke da su a lokacin, ita kaɗai ce a Arewa. Bincike kuwa kamar jari yake, wanda ya riga tarawa shi ke ƙara samu. Yana da tsofaffin malamai masu horar da matasa, yana da na'urori, yana da abokan hulɗa a Turai da Amurka.

To ina kuɗin suke fitowa yau? Babbar rijiyar ita ce TETFund. Asalinta gwagwarmayar ASUU ce ta 1992, lokacin Attahiru Jega yana shugabanta, wadda ta haifar da harajin ilimi a 1993, kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni. A 2011 aka mayar da asusun na manyan makarantu kaɗai, a 2023 harajin ya kai kashi 3. Da aka kawo ƙudurin gyaran haraji a 2024, an so a riƙa rage kasonta har ya ƙare a 2030. Jama'a suka yi ca, dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta bar ta da ranta. Alhamdu lillahi.

A yi adalci, TETFund ta yi aiki. Shiga Jami'ar Jihar Kaduna ko Kaduna Polytechnic, za ka ga gine-gine ɗauke da sunanta. Dokarta ma ta ce a kula da daidaito tsakanin jihohi da shiyyoyi shida wajen rabo. Amma kuɗin bincike na musamman, wato Asusun Bincike na Ƙasa, wanda aka ɗaga zuwa naira biliyan 5 a 2019, biliyan 7.5 a 2020, biliyan 8.5 a 2021, gasa ake yi a kansa. Kowa ya rubuto tsarinsa, wanda ya fi shi zai ci. A takarda babu zalunci a nan. Sai dai ka haɗa mai doki da mai ƙafa ka ce su yi tsere, kowa ya san wanda zai riga isa.

Ina da ƙane, malami ne a wata babbar makaranta. Da yana aikin digirinsa na uku, samfurin ƙasa da ganye yake ɗaurewa a kwali ya ba direban mota ya kai masa Kudu a auna, daga albashinsa yake biya. Na'urar tana nan a makarantarsu, an lulluɓe ta da leda. Babu wuta tsayayya, babu wanda aka horar ya gyara ta. Irin wannan mutum ta yaya zai ci gasa da wanda na'urarsa ke aiki dare da rana?

Ga kuma cibiyoyin bincike da ba sa ƙarƙashin jami'a, irin cibiyar binciken sammore da ciwon barci da ke nan cikin Kaduna, da NARICT ta Basawa a Zariya. Dokar TETFund jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi ta ambata, su waɗannan kasafin ma'aikata suke jira.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan hali ba. A Amurka ma an lura wasu 'yan jihohi ke kwashe kuɗin binciken tarayya. A 1979 hukumar kimiyyarsu ta ƙirƙiro shirin EPSCoR, ta fara da jihohi biyar da aka bari a baya, ciki har da Montana da West Virginia. Ba su soke gasa ba. Sun ware kaso daban wanda jihohin baya kaɗai ke fafatawa a kai, don sayen na'urori da ɗaukar masana, har su iya shiga babbar gasa da ƙafarsu. Shekara arba'in da ɗoriya shirin yana nan.

Kuma a gida mun ga abin da kuɗi ke yi in ya faɗa hannun da ya dace. Cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, ita ta fitar da irin waken nan SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, wanda ya rage wa manomi yawan feshi. Cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero ta samu tallafin Bankin Duniya, yau ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka suke zuwa Kano karatu. Ƙwaƙwalwa muna da ita.

Amma fa mu faɗa wa kanmu gaskiya, laifin ba na Abuja kaɗai ba ne. Shugabanninmu sun fi son bene, domin bene ake yanke masa kirtani a ɗauki hoto, a ɗora a Facebook. Wa zai ɗauki hoton ma'aikacin ɗakin gwaji da aka horar? Akwai kuma malaman da aka tura karatu waje da kuɗin talakawa suka ƙi dawowa, abin da yana cikin dalilan da suka sa TETFund ta dakatar da tura malamai waje. Waɗannan ma sun ci amanarmu.

Don haka ga abin da nake ganin ya kamata mu tsaya a kai. Na farko, a ware kaso na dindindin cikin Asusun Bincike na Ƙasa ga makarantun da suka fi ƙarancin samu, ko a Arewa suke ko a Kudu, a yi gasa tsakaninsu. Na biyu, kuɗin ya tafi kan wutar sola ta ɗakunan gwaji, gyaran na'urori da horar da masu riƙe su, a bar gini ya huta. Na uku, Hukumar Raya Arewa Maso Yamma da aka kafa a 2024 ta sa bincike a kasafinta, ta fara da citta da tumatir da sammore. Na huɗu, a riƙa wallafa sunan kowace makaranta da abin da ta karɓa da abin da ta fitar, mu gani da idonmu.

Ƙasashen Tarayyar Afirka sun yi alkawarin kashe kashi 1 cikin ɗari na arzikinsu a kan bincike. Najeriya ko rabin haka ba ta kai ba. Ɗan abin da ake da shi ɗin ma, in ba a tsara rabonsa ba, mai shi ne zai ƙara samu.

'Yan uwa, lokacin yawon neman ƙuri'a yana tafe. Duk ɗan majalisar da ya zo mazaɓarku, namu ne ko na wasu, kafin ya sauke buhun shinkafa ku tambaye shi: wane ƙuduri ka kai kan kuɗin bincike? In ya kasa amsawa, ku turo mana sunansa a ƙasan wannan rubutu. Abokina mai citta har yanzu yana biyan bashin 2023, ga damina tana sake zuwa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu hangen nesa. Amin.