Wuta ta mutu, amma kada ka bar yaro ya shiga kangon

Idan kana zaune kusa da Sharaɗa, Challawa ko Bompai, ka san abin da ke biyo bayan tafiyar motocin kashe gobara. Hayaƙi bai gama lafawa ba, yara da 'yan gwangwan sun cika kangon, wasu neman rodi da wayar tagulla, wasu kallo kawai. Mun ga irin wannan rububin a watan Yunin 2023 da aka rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, har wani sashe ya rufto kan masu cire ƙarafa. Can ma ba wuta ce ta ci ginin ba. Wanda wuta ta ci ya fi haɗari, domin rodi kan rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 600, dakin kuwa ya ci gaba da tsayuwa kamar lafiya lau.

Ni abin da ya fi damuna shi ne tokar. Tsoffin masana'antu da otal-otal da yawa an yi rufinsu ko silinsu da asbestos. Wuta takan farfasa shi, ya zama ƙura mai siraran zaruruwa da ido ba ya gani. Yaron da ya shaƙe ta yau ba lallai ya yi ko tari ba. Cutar huhu ko sankarar da take haddasawa kan bayyana ne bayan shekara 20 zuwa 40. Roba da katifar soso da suka ƙone kan ci gaba da fitar da iska mai guba muddin akwai garwashi a ƙarƙashi. A majemun fata akwai sinadarin kuromiyam, a ɗakin ajiyar wurin ninƙaya na otal akwai kulorin, kuma ruwan kashe gobara ya gauraya su a ƙasa inda yara ke takawa da silifa.

Na san kuɗin ƙarfen kan sayi abincin dare a wasu gidaje, ban raina wannan ba. Amma uwa, idan ɗanki ya dawo da baƙin toka a jiki, ya tuɓe a tsakar gida, ya yi wanka da sabulu, a jiƙa kayan kafin a wanke su daban, kada a kakkaɓe. Madara da manja da ake ɗura wa wanda ya shaƙi hayaƙi ba sa kaiwa huhu, ɓata lokaci ne. Idan murya ta dushe, numfashi ya yi nauyi, majina ta fito baƙa, ko ciwon kai da jiri suka zo, a tafi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a daren, domin kumburin maƙogwaro kan taso bayan sa'o'i. Wanda ƙusa ta soka kuwa, a wanke raunin da ruwa mai tsabta, a kai shi a yi masa allurar rigakafin tetanus a ranar.