Kafin A Sa Hannu A Takardar Tafiya

Duk shekara idan dogon hutu ya gabato, akan ga ɗalibanmu na manyan azuzuwa suna komawa gida da wata takarda a cikin jaka. Takardar ta ziyarar ƙaro ilmi ce zuwa ƙasashen waje, kuma galibi masu shirya tafiye-tafiye ne ke kawo ta, da hotuna masu ɗaukar ido. Wannan shafi Landan, wancan Dubai, can ƙasa kuma a ga Ghana ko Kwatano da ƙananan haruffa, kamar daga baya aka tuna da su. Yaro ya miƙa wa mahaifinsa ya ce, "Baba, su wane duk za su." Uba ya juya takarda, ya dubi kuɗin, ya yi shiru.

Mu da muke tare da yaran nan a aji, muke kuma zama da iyayensu a wurin taro, mun ga ya dace mu faɗi ra'ayinmu a fili. Ga yaro ko yarinya mai shekara 15 ko 16 daga Gusau, Tsafe ko Bunguɗu, ziyarar da ta fi dacewa ita ce ta ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu. Landan da Dubai su jira tukuna. Ga dalilanmu.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. A 1943 Malam Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila tare da wasu 'yan jarida na Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta littafi da wannan suna. Abin lura shi ne ya tafi da tambayoyi a ransa, shi ya sa ya dawo da abin rubutawa. Saboda haka tambayar farko da ya kamata uba ya yi ita ce, wane darasi ne na aji wannan tafiya za ta ƙara wa yarona? Idan mai shirya tafiya ba shi da amsa sai jerin kantuna da wuraren wasa, to, yawon shaƙatawa ne, kuma bai kamata a sa masa sunan makaranta ba.

Mu ɗauki Ghana. Yaron da ya je can zai ga ganuwar Elmina wadda Turawan Fotugal suka gina a bakin teku a 1482, ya shiga ɗakunan da aka riƙa tara bayi kafin a loda su a jiragen ruwa. Bayan wannan ba sai an sake yi masa dogon bayani kan cinikin bayi ba. Zai ga madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Bolta, wadda aka kammala a 1965, ya gane yadda ruwa ke zama wutar lantarki. A zangon Kumasi, ko a unguwar Nima da ke Akara, zai ji ana ciniki da Hausa, ya tambaya a ba shi labarin fataken da suka riƙa kora jakuna wata da watanni zuwa Gwanja, suna kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga suna dawowa da goro. Zai ji sunan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma marubuci, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Daɗin daɗawa, takwarorinsa na can hukumar jarrabawa ɗaya gare su da shi, wato WAEC da aka kafa a 1952, sai su kwatanta littattafansu da nasa.

Wanda kuma Faransanci ne abin da ya sa gaba, Kwatano ko Lome sun ishe shi. Mako biyu yana sayen burodi yana tambayar hanya da harshen da ya saba gani a allo kawai, sun fi masa zango guda na haddar ƙa'idojin nahawu.

Wani zai ce, ina Nijar, ga ta nan kusa? Gaskiya ne, kuma ta fuskar tarihi babu inda ya fi ta kusa da zuciyarmu. Sarkinmu na Gusau Sarkin Katsina ake ce masa, haka ma na Maraɗi, inda sarakunan Katsina na da suka koma bayan jihadi. Kusa da Maraɗi ga Tsibiri, inda sarautar Gobir ta zauna daga baya, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, kuma Gobirawan nan su ne suka ci Birnin Zamfara tun kafin jihadi. Ɗalibin tarihi zai sha mamaki. Amma a san abu biyu. Na ɗaya, wanda ya je Maraɗi don koyon Faransanci zai wuni yana Hausa, har ma a 2025 gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na biyu, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a ranar 29 ga Janairu 2025. Duk makarantar da ke son kai yara can, sai ta fara tuntuɓar hukumar shige da fice ta ji halin da ake ciki, ta kuma auna hanyar da za a bi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke hana iyaye barci. Kafin Yuni 2023 dalar Amurka ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Ba mu ce sefa ko kuɗin Ghana suna da araha ba, amma akwai bambanci babba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Ghana, Togo ko Jamhuriyar Benin ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Ingila kuwa sai da biza, kuma idan aka hana yaro, kuɗin da aka biya na nema ba ya dawowa. Dubai ma ta dakatar da ba 'yan Nijeriya biza daga 2022 har zuwa 2024. Yawancin iyayen yaranmu manoma ne da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Wanda ya sayar da sa ko ya kwashe rumbu don tafiyar kwana bakwai, ya tuna kuɗin jarrabawa na nan tafe, ga na jami'a a bayansa, ga ƙanne. Kowa ya yi zuru ya ga iyakar ƙarfinsa. Babu abin kunya ga uban da ya ce wa ɗansa, "Bana ba hali."

Abu na gaba shi ne tsaro, kuma a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. A wurinmu, wajen da ya fi hatsari a tafiyar yana bakin ƙofarmu. Mai zuwa Kano ko Abuja don hawa jirgi sai ya bi ta Tsafe zuwa Funtuwa. Mai zuwa Sakkwato sai ya bi ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara. Ba mu manta da daren 26 ga Fabrairu 2021 ba, lokacin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, ko da yake Allah ya sa aka sako su bayan 'yan kwanaki. Don haka kada uba ya sa hannu sai ya ji amsar waɗannan tambayoyi daga bakin shugaban makaranta. Ƙarfe nawa mota za ta tashi, kuma a ina dare zai same su? Malamai nawa ne za su raka yara nawa, kuma akwai malama mace tare da 'yan mata? Wa zai riƙe fasfo da katin rigakafin cutar shawara? Idan yaro ya kwanta rashin lafiya, wa zai biya asibiti? An shirya wa masu zuwa masallaci ranar Juma'a da masu zuwa coci ranar Lahadi? Idan aka rufe iyaka, kamar yadda Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, nawa za a mayar wa iyaye? Amsa ta zo a rubuce, domin magana zarar bunu ce.

Mun san akwai masu ganin cewa wanda ya ga Landan idonsa ya fi buɗewa, burinsa ya fi girma. Ba mu musa ba. Wanda Allah ya hore wa, kuma tafiyar tana da manufa, kamar gasar kimiyya ko ta muhawara wadda yaro ya ci da ƙoƙarinsa, to, a bar shi ya tafi da albarkar iyaye. Abin da muke gudu shi ne ziyara ta zama gasar nuna arziki a cikin aji, mutum biyar su tafi, arba'in su zauna suna jin kamar an fi su. Makaranta ta zaɓi tafiyar da yawancin aji za su iya, ta kuma shirya ta cikin gida ga sauran. Gidan Makama na Kano, hasumiyar Gobarau ta Katsina da Hubbaren Shehu a Sakkwato duk azuzuwa ne. Da yawa cikin yaranmu suna wuce dutsen Kwatarkwashi a mota, amma ba su san labarinsa ba.

Ku kuma ɗalibai, duk inda aka kai ku, ku tafi da littafin rubutu da alƙalami, kada ku dogara da hoton waya kaɗai. Ku tambayi farashin kwanon masara, ku ji yadda ake gaisuwa, ku rubuta abin da ya burge ku da abin da kuka ga namu ya fi. Mun ware muku shafi a mujallar baɗi, muna jiran abin da za ku kawo mana.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya, amin.