Zuwa Ga Masu Renon Irin Dashe Na Ƙasar Jahun

Ƙannena da 'ya'yana masu lambu,

Yabon gwani ya zama dole. Bayan ambaliyar 2022 da ta shanye gonaki daga Ringim har Auyo, da irinku na tumatir da tattasai da albasa aka yi noman rani aka farfaɗo. Allah ya saka da alheri. Amma ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Wa ya koya muku watsa wa iri yuriya ana saura 'yan kwanaki a cire shi? Sai a kawo shi kasuwa kore shar, ya yi zanƙalƙal, kara siriri kamar zare. Mai saye ya ga kore ya biya. Ya dasa, iskar hunturu ta kaɗa kwana biyu, rabi ya kwanta bai sake tashi ba. Wannan algus ne. Irin tumatir na ƙwarai gajere ne mai kauri, ɗan mako huɗu, da ganye huɗu ko biyar. Idan ya rage mako guda a cire, rage masa ruwa ake yi, a yaye masa rumfar ciyawa, ya sha rana da iska ya yi ƙwari. Ku kuwa a lokacin ne kuke ƙara shagwaɓa shi.

Ga kuma maganar ruwa. Iyayenmu da jigo suka yi lambu, kowane guga da ƙarfin kafaɗa ake ɗago shi, saboda haka gadon iri yayyafi kawai yake samu, da hantsi, bayan rana ta kori sanyi. Yau inji ya sauƙaƙa komai, sai yaro ya sakar wa gado ruwa da la'asar, ya kwana jagab cikin sanyin Disamba. Gari na wayewa gindin iri ya ruɓe daidai ƙasa, a ce wai sanyi ne, wani ma ya ce baki ne. Cutar ƙasa ce, danshi da cunkoso take so, ga shi kuna yafa iri ba masaka tsinke. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sai ya ƙona kara a kan gadon tukuna, ya gauraya iri da yashi, ya ja layi da yatsa. Tun daga Kafin Hausa ake tattaki a sayi irinsa, ba wanda ke tayawa. Yau wa ke tambayar irin wane ne? Kore kawai ake dubawa, shi ya sa yuriyar nan ta samu gindin zama, alhali bashi mai sayen ya ci ya zuba mai a inji.

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi, tsufa ne da kishin sana'a. Albasar bana dai ku bar ta ta cika mako shida kafin ku taɓa ta.

Wassalam,
Tsohon mai lambu, Jahun